Littafin aikin ɗakin fayiloli: komawarmu kantoci masu tafiya a kan dogo

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Hukumar asibiti ta amince a sake wa fayilolin majinyata matsuguni, kuma ni aka ɗora wa alhakin aikin, tunda ni ke riƙe da sashen adana bayanai. Zan riƙa rubuta halin da ake ciki a nan, ko zai amfani abokan sana'a a wasu asibitocin da suke cikin irin matsinmu.

Kantocinmu na katako da na ƙarfe sun cika tun tuni. An koma jibge fayiloli a kwalaye a ƙasa, wasu a saman kabad har suna gogar silin. Majinyaci zai miƙo katinsa a yi ta nema, in an gaji a buɗe masa foldar wucin gadi. Sai likita ya duba mai ciwon suga ko hawan jini bai ga maganin da aka ɗora shi a kai bara ba, bai ga sakamakon gwajin ƙodarsa ba. Abin da ke cin raina ke nan, ya fi mini cunkoson ciwo.

Yau awo muka yi. Ba da yawan fayil ake sayen kanta ba, da tsawon jeri ake saye: in ka tsayar da fayilolin gefe da gefe, mita nawa za su ci. Mun bi kowane hawa da kowane kwali da tef, muka samu mita 520. A tsaka-tsaki fayil 120 ke cika mita ɗaya a wurinmu, wato muna riƙe da fayil wajen dubu 62. Rijistar yankan kati kuma ta nuna sababbin majinyata kusan dubu 7 a shekara, wato ƙarin mita 60 duk shekara.

Laraba, 9 ga Yuli

Ɗaki biyu ake magana a kai. Ɗaya a bene kusa da ofisoshin gudanarwa, ɗaya a ƙasa, tsohon sito da ke bayan wurin yankan kati. Na ƙasan tsawonsa mita 9.6, faɗinsa 6.

Na zauna da takarda da biro. Kanta mai fuska biyu tana cin santimita 76, lungun da za a tsaya a ciki yana cin 90. In kantoci na tsaye za a sa, layi biyar kawai zai shiga. Kowane layi gida biyar ne a kowace fuska, faɗin gida santimita 90, hawa bakwai, wato mita 63 a layi, 315 a ɗakin duka. Ko abin da ke hannunmu yau bai ɗauke ba, don fiye da rabin ɗakin lungu ne.

Kanta mai tafiya lungunan take cinyewa. Layukan suna zaune a kan taya bisa dogon ƙarfe da aka kafa a daɓe, kamar taragon jirgin ƙasa, a manne da juna. Lungu ɗaya ake bari, sai ka murɗa sitiyari ka buɗe shi a inda kake so. Da haka ɗakin nan zai ɗauki ninki biyu. Dabarar ta daɗe: wani injiniya ɗan Suwizalan, Hans Ingold, ya yi rajistar irinta tun 1947 da sunan Compactus, kuma da ita manyan gidajen adana tarihi na Turai suke aiki.

Asabar, 12 ga Yuli

Injiniyan gini ya zo. Shugaban asibiti ya fi son ɗakin bene, don ya fi tsabta, kuma ruwa ba zai kai can ba. Hujja ce mai ƙarfi a garin da lambatu ke toshewa duk damina.

Injiniya ya nemi nauyin kayan, muka yi lissafi tare. Rim ɗaya na takardar A4 mai ganye 500 kilo biyu da rabi ne, kaurinsa wajen santimita 5. Ke nan mita ɗaya na takarda a matse kilo 50 ne. Fayiloli ba sa matsewa haka, muka ɗauki 45. Layi mai mita 63 zai ɗauki kilo dubu 2 da ɗari 8 da ɗoriya, in ka haɗa da ƙarfensa ya haura tan 3. Layi goma, tan 33 a ɗaki ɗaya, kuma duk nauyin ta tayoyi zai sauka a kan siraran doguna uku.

Ya ce ƙa'idar Birtaniya ta BS 6399, wadda injiniyoyinmu da yawa har yanzu suke aiki da ita, ta ba daɓen ofis kusan kilo 250 a kowace murabba'in mita, amma kantoci masu tafiya ba ta yarda a yi musu lissafi ƙasa da kusan kilo 980 ba. Sai ya juya ga shugaba ya ce, "Yallaɓai, wannan kankaren don tebur da kujera aka zuba shi. In aka hau da kayan nan sama, ni ba zan sa hannu ba."

Magana ta ƙare, ɗakin ƙasa za a yi. Duk mai shirin sayen irin kantocin nan, injiniya zai fara kira kafin ɗan kasuwa. Cikin dillalan da muka yi waya da su, babu wanda ya tambaye mu a wane hawa ɗakin yake.

Talata, 15 ga Yuli

Takardun farashi uku sun iso.

Na farko naira miliyan 19.8. Da na karanta ƙananan rubutun sai na ga zurfin hawa santimita 30 ne, an yi shi don takardar A4. Foldojinmu kuwa fulsikaf ne, girman da muka gada tun zamanin Turawa, tsawon folda ya kai santimita 35. A kanta ta tsaye in folda ta leƙo waje ba komai. A mai tafiya, duk sanda aka rufe layi sai bakin wannan ya daki bakin wancan, kuma bakin nan ne ke ɗauke da lambar majinyaci. Kaurin ƙarfen hawan ma 0.6 na milimita ne. Araha ba ta ado, na ajiye shi gefe.

Na biyu miliyan 41, mai aiki da lantarki, ka danna maɓalli layi ya tafi da kansa. Yana da na'urar da ke tsayar da shi in ya ji mutum a lungu, wannan kam abin so ne. Amma da yadda ake ɗauke wuta a nan, da yadda take dawowa da ƙarfi ta ƙona kaya, kuma mai gyaransa sai an kira shi daga Legas, ban ga yadda za a yi in ya tsaya ranar asibitin masu juna biyu ba.

Na uku miliyan 26.4, mai sitiyari da sarƙa. Haƙoran giya ne ke ninka ƙarfin hannu, har mace ta tura tan 3 da hannu ɗaya. Zurfin hawa santimita 38, kaurin hawa 0.8, ginshiƙai 1.2, fentin gari da ake gasawa a tanda, kowane hawa an ce zai ɗauki kilo 80. Mu kilo 40 da 'yan kai za mu ɗora. Akwai ƙugiyar hana kifewa da ke kama dogo, akwai makullin sitiyari. Shi na zaɓa, da sharaɗin su aiko da hawa ɗaya mu auna kaurinsa da kanmu.

Akwai kuma wanda ake turawa da hannu kawai, babu sarƙa. Na gajerun layuka ne marasa nauyi, ba namu ba.

Alhamis, 17 ga Yuli

Mun daɗe muna ja da dillali a kan zane. Shi lungu ɗaya ya zana, layi 11, mita 693, yana ta nuna mini ribar mita 63 da zan yi asara in na ƙi. Ni kuma na kafe a kan lungu biyu.

Dalilina shi ne, wannan ba gidan tarihi ba ne da ake ɗauko fayil biyar a yini. Da safe mutum uku ne ke neman fayil a lokaci guda, layin majinyata kuma yana tsaye a taga. In lungu ɗaya ne, duk wanda ya shiga sai sauran su naɗe hannu su jira shi. Abin da kantar ta ba ka na fili, a lokaci take karɓe shi, kuma takardar dillali ba ta lissafa lokaci.

Zanen da muka tsaya a kai: kanta mai fuska ɗaya a kafe jikin kowane bango, a bar mata tazarar santimita 10 don iska, kanta mai fuska biyu a kafe a tsakiyar ɗaki, layuka huɗu masu tafiya a dama da lungunsu, huɗu a hagu da nasu. Jimla mita 630.

Litinin, 21 ga Yuli

Hawan gwaji ya zo, kaurinsa ya cika. An sa hannu. Rabin kuɗi kafin alƙalami, kashi 40 cikin ɗari bayan an kafa an gwada da nauyi, kashi 10 sai bayan wata shida. Sun so a ba su kashi 40 ɗin da zarar mota ta sauke kaya, akantanmu ya ƙi.

Asabar, 26 ga Yuli

An fasa daɓen sito don injiniya ya ga abin da ke ƙasa, sai ga abin da ba a so. Siminti ne bai wuce kaurin santimita 5 ba a kan cikon ƙasa, babu rodi, babu leda, ga hanyoyin gara sun yi rassa ta kusurwar gabas har jikin bango. Da an ɗora tan 33 a kan wannan da ya lotsa kafin shekara, gara kuma ta sami abinci har gida.

Ba gyara za a yi ba ke nan, sabon daɓe za a zuba: a kwashe cikon, a yi feshin gara, a zuba marmara a daddaɓe da inji, a shimfiɗa leda mai kauri, a sa ragar rodi, sannan kankare santimita 15. Injiniya ya ce a ɗaga shi ya fi barandar waje tudu saboda ruwa. Babu wannan a kasafin farko. Na rubuta wa hukuma neman ƙari.

Alhamis, 31 ga Yuli

An zuba kankare. Siminti buhu 55 ya shiga. Tunda sabon daɓe ne, an bar kwarin dogo guda uku bisa zanen kamfani, don dogon ya nutse ya yi daidai da daɓe, amalanken fayil ya wuce ba tuntuɓe. Birkila zai riƙa ba shi ruwa. Sai ya cika kwana 28 kafin a ɗora masa komai.

Laraba, 6 ga Agusta

Tunda jira ake yi, mun shiga tace fayiloli. Kwamitin asibiti ya yanke cewa ba za a ƙona ko ɗaya ba. Na waɗanda suka rasu da na waɗanda suka shekara goma ba su dawo ba za su koma kwalaye masu lamba, su zauna a tsohon ɗaki a kan kantocin ƙarfe. Aikin yamma ne, bayan an tashi daga asibitin waje.

Mai wutar lantarki ya cire fankar sama, don kan kanta zai kai mita 2.3. Na sa ya jera dogayen fitilu su bi tsawon dogo, su gitta layukan. In aka jera su bisa tsarin lungu kamar a ɗaki na yau da kullum, lungun zai matsa ya bar fitilar a saman kanta.

Alhamis, 14 ga Agusta

Yau na fi kowace rana jin daɗin aikin nan.

Tun kafuwar asibitin, jerin lamba kai tsaye ake yi, 1, 2, 3 har sama. Illarsa kowa ya sani: sababbin fayiloli duk a wutsiya suke taruwa, ma'aikata su cushe a wuri ɗaya, in aka cire tsofaffi kuma gurbinsu ya zauna fanko a farkon jeri sai an matsar da komai. Na daɗe ina son mu koma jeri da lambar ƙarshe. A raba lambar majinyaci gida uku, misali 04-62-17. Ka fara zuwa sashe na 17, a cikinsa ka nemi 62, a cikin 62 ka nemi 04. Sashe ɗari ke nan, daga 00 zuwa 99, kuma duk sababbin majinyata ɗari da aka yanka wa kati, kowane sashe ya sami ɗaya. Ɗakin gaba ɗaya yake girma tare.

Da na koma kan zanen sai na ƙirga gidajen: layi goma, gida goma-goma, gida ɗari cif. Kowace lambar ƙarshe ta sami gidanta na kanta, hawa bakwai, mita 6.3. Ko sabon ma'aikaci aka kawo, in ya iya karanta lamba biyu ya san inda zai tsaya.

Amma akwai inda tsarin biyu suke karo, kuma gara a faɗe shi. Jeri da lambar ƙarshe yana warwatsa nema ko'ina a ɗakin, kanta mai tafiya kuwa wuri biyu kacal take buɗewa. Maganin da na gani shi ne a sake tsarin yini. Fayilolin waɗanda aka ba ranar dawowa a fitar da su tun yammacin jiya, a jera takardar nema bisa lambar ƙarshe, mutum ya bi ɗakin sau ɗaya daga kai zuwa gindi. Mayar da fayil ma haka, sau ɗaya da yamma. Da safe sai a bar lungunan ga waɗanda suka zo ba alƙawari, ma'aikaci ɗaya a ɓangaren 00 zuwa 49, ɗaya a 50 zuwa 99.

Mun yi odar lambobi masu manne, launi goma, kowane adadi da launinsa. Fayil in ya ɓata hanya, launinsa zai tona shi daga nesa.

Litinin, 25 ga Agusta

Tacewa ta kammala. Mita 140 sun koma ajiya, saura 380 za su shiga sabon ɗaki. Mun haɗe foldojin wucin gadi da na asali masu yawa. Akwai wata baiwar Allah da muka samu da folda huɗu.

Mota ya kamata ta taso daga Legas ranar Juma'ar da ta wuce. Har yanzu ba ta taso ba.

Juma'a, 29 ga Agusta

Kaya sun iso da hantsi, ana yayyafi. Tamfol ɗin motar ya yage ta baya, kwalaye takwas sun jiƙe. Mun buɗe su nan take muka goge, fentin bai taɓu ba, amma dogo biyu sun fara jan tsatsa a baki. Na ƙirga komai da takardar kaya a gaban direba: masu raba fayil guda 60 babu, sarƙa ɗaya babu. Na rubuta a jikin takardar, ya sa hannu, na ɗauki hoto na tura wa kamfani. 'Yan dako naira dubu 70.

Talata, 2 ga Satumba

Masu kafawa mutum huɗu sun fara. Dogo yau, tayoyi da ginshiƙai gobe.

Alhamis, 4 ga Satumba

An sami matsala babba.

Sun gama ɓangaren hagu da azahar, suka kira ni in gani. Babu kaya sitiyari yana juyawa sumul. Na ce a yi gwajin nauyi kamar yadda yarjejeniya ta ce. Muka aro siminti buhu 20 daga masu ginin ɗakin haihuwa, tan ɗaya ke nan, aka rarraba a hawan ƙasa na layi na uku. Da aka saki sitiyari sai layin ya ci gaba da gangarawa shi kaɗai, a hankali, har ya je ya daki na huɗu. Komowa da shi kuma sai da hannu biyu, sarƙa tana ƙara.

Shugaban masu kafawa ya ce, "Oga, in kaya suka cika zai zauna." Na ce masa, "Malam, tan ɗaya ya tafi da kansa, uku ne zai tsaya?"

Na kira injiniya ya zo da na'urar lebur. Dogon tsakiya ya nutse da milimita 9 a tsakanin mita huɗu, na gefen bango kuma ya fi shi tudu, shi ya sa layin yake tafiya a karkace yana cizon dogo. Takardar kamfanin da kanta ta ce kada bambancin ya wuce milimita 2 a duk tsawon dogon. Da aka leƙa ƙarƙashi sai ga guntayen falanki da yankan langa-langa da suka cusa suka tallafe shi, tsakanin tallafi da tallafi kuma fanko ne. Kwarin da birkila ya bari ba zai taɓa fita daidai da milimita ba, kowa ya san haka. Aikin masu kafawa ne su daidaita dogon da na'ura a kan faifan ƙarfe, sannan su cika ƙarƙashinsa kaf da siminti na musamman wanda ba ya tsukewa in ya bushe. Ba su zo da shi ba.

Illar ba ta tsaya a wahalar murɗawa ba. Layin da ke gangarawa da kansa zai iya rufe lungu da mutum a ciki. Na dakatar da aikin, na rubuta wa kamfani da hotuna da awon injiniya, na tuna musu kashi 40 ɗinsu yana hannunmu. Gobe hutun Mauludi, sai Litinin.

Laraba, 10 ga Satumba

Sun aiko da babban ma'aikacinsu da simintin da ya kamata, a aljihunsu. An sauke layukan hagu, an tayar da dogayen duka, an goge tsatsar, an sake kafawa injiniyanmu yana tsaye. Bambanci mafi yawa yanzu milimita ɗaya da rabi. Sarƙa da masu raba fayil ma sun zo. A bar shi ya kama kafin a mayar da layuka.

Litinin, 15 ga Satumba

An kammala kafawa. Gwaji da buhu 40 a kowane layi bi da bi: inda aka saki nan yake tsayawa, makulli yana riƙewa, ƙaramar ma'aikaciyarmu ta tura shi da hannu ɗaya. An biya kashi 40.

Sai dai ba za mu kwashe a makon nan ba. Na sa ma'aunin danshi biyu a ɗakin tun Juma'a, da safe suna nuna kashi 76 zuwa 79 cikin ɗari. Sabon kankare yana ta fitar da ruwansa, damina kuma ba ta ɗauke ba. Danshi in ya zarce kashi 65 ya daɗe, fumfuna ke kama takarda, balle a kantar da ke rufe iska ba ta ratsawa. Ƙa'idar adana takardu ta Birtaniya, BS 4971, tana neman danshi tsakanin 35 da 60, zafi tsakanin digiri 13 da 23. Zafin nan ba za mu same shi a ƙasar nan ba sai da na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, wadda ba mu da halinta. Danshin kuwa za mu iya. An sayo injin zuƙe danshi, an haɗa shi da layin da janareta ke ɗauka, an buɗe layukan da tazara daidai-wa-daida.

Na so a shafa wa daɓen fenti mai hana ƙura. Injiniya ya ce a kan kankare mai danshi ɓarewa zai yi, a bari sai hunturu.

Laraba, 24 ga Satumba

Danshi ya sauko 58 zuwa 61. Za mu kwashe Asabar da Lahadi.

An sa ƙofar ƙarfe da makulli biyu, da tukwanen kashe gobara a bakin ƙofa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa mai riƙe da asibiti alhakin hana wanda ba shi da izini isa ga bayanan majinyata da ɗakin da ake ajiye su, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. A tsohon ɗaki kowa shiga yake yi ya ɗauki folda. Daga yanzu ta taga ake karɓa, kuma fayil ba ya fita sai an sa katin gurbi mai suna da kwanan wata da inda ya tafi.

Lahadi, 28 ga Satumba

An kwashe. Sashe-sashe muka bi, kwalin 00 zuwa gidan 00, ba a buɗe na gaba sai an duba na baya. Kowane gida ya ci hawa huɗu da ɗan ƙari. Hawan sama da na ƙasa muka bari fanko, don sauƙin miƙa hannu, kuma in ruwa ya taɓa shigowa ya tarar da babu komai a ƙasa. Mun cika layukan tare da juna ta fuska biyu, kada nauyi ya rinjaya gefe ɗaya. Muka tashi bayan isha'i.

Talata, 30 ga Satumba

Allah ya kiyaye yau. Ɗaya daga cikin 'yan matanmu tana tsugune a can ƙarshen lungu tana gyara katin gurbi, abokin aikinta ya zo da sauri ya kama sitiyarin layin da ke kusa ya fara murɗawa bai leƙa ba. Ihunta ne ya tsayar da shi. Ba ta ji ciwo ba, amma jikinta ya daɗe yana rawa. Ta ce mini, "Baba, wallahi ban ji tahowarsa ba sai da ya taɓa kafaɗata."

Sauƙin da giyar ke bayarwa shi ne haɗarinta, mai murɗawa ba ya jin ya tokari wani abu. Makullin yana nan, ba a danna ba. Na tara kowa kafin a tashi, muka kafa doka: ba a shiga lungu sai an danna makullin layukan gefe biyu an rataya jan kyalle a sitiyari, ba a taɓa sitiyari sai an leƙa lungun har ƙarshe an yi magana, ba a barin matakala ko amalanke a ciki. An rubuta an manna a goshin kowane layi. Na kuma nemi a kafa madubi a bangon ƙarshen lungu.

Litinin, 13 ga Oktoba

Aiki ya fara zama jiki. Foldar wucin gadi biyu kawai aka buɗe a makon jiya, su ma an gano na asalin a ɗakin kwanciya kafin yamma. Cunkoson da ya rage tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe ne, ranakun Litinin musamman, in mutum biyu suka buƙaci ɓangare ɗaya. Fitar da fayiloli tun jiya ya rage shi sosai, amma asibitin ido da na haƙori ba sa aiko da jerin alƙawuransu da wuri. Zan zauna da shugabanninsu ranar Laraba.

Kuɗin da aka kashe: kantoci da kafawa miliyan 26.4, har da kashi 10 da ke riƙe. Sabon daɓe miliyan 2.35, feshin gara dubu 180, injiniya dubu 250, injin zuƙe danshi da ma'aunai dubu 650, lambobi masu launi da sababbin foldoji da katin gurbi dubu 900, dako da ladan aikin ƙarshen mako da abinci dubu 420, ƙofa da fitilu da tukwanen gobara dubu 540. Jimla naira miliyan 31.69, a kan kasafin miliyan 29 da aka fara amincewa da shi. Daɓen ne ya ci yawancin ƙarin.

Fayil ba ya son a cika masa hawa maƙil, sai an bar wajen kashi 15 cikin ɗari don zarewa da mayarwa. Da wannan lissafin muna da filin shekara biyu da rabi in ba a tace komai ba, don haka tacewa za ta zama ta kowace shekara, a watan Agusta.

Abin da ke gaba: da dare yanzu muna barin tazarar tafin hannu tsakanin layuka don iska. In hunturu ya shigo za mu koma rufe su ruf saboda ƙura, a toshe ƙasan ƙofa da tagogi, a riƙa share kwarin dogo da buroshi kowace Juma'a, don yashi in ya taru yana cin taya. Fentin daɓe a Disamba. Giris ɗin sarƙa da sake auna lebur ɗin dogo a Maris, kafin a saki kashi 10 na kamfani. Tsohon ɗakin da mita 140 ke ciki har yanzu ba a yi masa feshin gara ba, na sa shi a takardar da zan kai hukuma gobe.